Magaryar Ya Fanta

"Ku dakata mana Ya Fanta ta dawo daga likita," in ji Jummai, amma gatari ya riga ya shiga jikin magaryar.

Ɗanta Inusa ko waiwayowa bai yi ba. "Inna, saiwarta ta tsaga katangar, ga damina tafe. So kike ta rufto miki a ɗaki?"

Katangar laka ce ta raba gidan Jummai da na maƙwabciyarta Ya Fanta, tsohuwar Babarbariya, a unguwar Birni. A gindin katangar magaryar ta girma, ta ɓangaren tsohuwar. Duk mamacin da aka wanke a lungun nan, da ganyenta aka wanke shi. Ya Fanta ke tsinkowa, ta daka, ta aika a ƙwarya. Har mijin Jummai da shi aka wanke shi.

"Ni ma ita za ta wanke ni," ta sha faɗa. "Jummai, a wuyanki na rataya wannan."

Kafin a sallamo ta, magina sun rushe lakar, sun ja katangar bulo, sun malale kututturen da siminti.

Da aka sauko da ita daga mota, ta tsaya a tsakar gidanta, rana na dukan inda tabarmarta ta saba zama. Ta daɗe tana kallon sama.

"Wa ya buɗe mini kai?" ta ce.

"Ya Fanta, katangar ce..."

"Ta yi kyau. Fara tas, kamar likkafani." Ta yi 'yar dariya. "Tsuntsayen fa, ina kuka kai su?"

Ba ta ƙara ta da maganar ba. Amma kullum Jummai ta kai mata kunu, sai ta tarar da ita tana share ƙasar wurin, alhali babu ganye ko ɗaya.

"Sun zubo da yawa yau," takan ce.

Ana tsakiyar damina Ya Fanta ta cika, da hantsi. Mata suka taru, aka ɗora ruwa. Jikarta Balki ta ce a aika kasuwar Dole a sayo busasshen ganye.

"Ku ba ni lokaci kaɗan," in ji Jummai.

Ta koma gidanta, ita kanta ba ta san me take nema ba. Ta bi katangar tana shafawa. A bayan randa, ta nata ɓangaren, siminti ya dare, wani ɗan tsiro mai ƙaya ya leƙo, tsawonsa bai kai tafin hannu ba.

Ta durƙusa. Ta tsinke ganyen ɗaya bayan ɗaya, ƙaya na sukar ta, ta bar biyu a kai.

Da ta murza su cikin ƙwaryar wankan gawar, ruwan ya ɗan yi kumfa.

Bayan an dawo daga maƙabarta, Inusa ya tsaya a kan tsagar. "Gobe in kira magini ya toshe."

Jummai ta nufi randa. Ta ɗebo ruwa a moɗa, ta tsiyaya a hankali, tsagar ta shanye.