Tambayar da Ya Tsallake

Ba daga bakinsa ta fara jin labarin ba. Ta je kanti sayen sabulu ne, mai kantin yana ɗaure mata shi a leda ya ce, "Ashe mun yi ɗalibi a layin nan. Allah ya sanya alheri."

Ta ɗauka babbar 'yarta yake nufi, wadda ke ajin ƙarshe a sakandare. Ta ce, "Ai da saura, ko jarrabawar ba su zauna ba."

"Wa ke ta yarinya? Maigidanki nake faɗi. An ce jami'a ta ɗauke shi, injiniya zai karanta."

Ta yi dariyar da ba ta kai ciki ba, ta karɓi ledarta ta koma gida. Da mijin ya shigo cin abincin rana, ta bari sai da ya wanke hannu ya zauna, sannan ta ce, "Malam, sai a titi zan ji?"

Ya sunkuyar da kai kamar yaron da aka kama da hannu a tukunya. "Na so sai ta tabbata tukuna."

"Da wannan furfurar?"

"Ai ba furfurar ce za ta riƙe biro ba, Maman yara."

Sana'arsa naɗin waya ce. Idan injin jan ruwa ko fanka ko janareta ya ƙone, shagonsa ake kaiwa, ya kwance tsohuwar wayar tagulla ya naɗa sabuwa. A kan wannan sana'a ya aure ta, a kanta suka haifi 'ya'yansu. Ya ce mata ya gaji da yin abin da bai san dalilinsa ba. Hannunsa ya san naɗi nawa injin ke so, amma in aka ce masa don me, sai ya ce haka maigidansa ya koya masa. Da tsohuwar takardarsa ta makarantar koyon sana'a ya nema, aka ba shi gurbi a ajin Asabar da Lahadi.

Sai dai akwai sharaɗi. Lissafinsa bai kai wanda ake bukata ba. An ce ya fara karatun tare da sauran, amma dole ya ci wata jarrabawar lissafi kafin shekara ta ƙare. Sau biyu ake ba mutum dama. In ya faɗi duka biyun, sai ya tattara ya koma gida.

Ita dai karatunta bai yi nisa ba, amma ta san miji. Ta ga yadda idonsa ke ƙyalli, ta haɗiye sauran maganar da ke bakinta.

'Yar tasu ce ta zama malamarsa. Da yamma sukan shimfiɗa tabarma a tsakar gida, ita da littafinta, shi da tabarau a kan hanci. Uwar tana daga bakin murhu tana jin su.

"Baba, wannan ba harafi ba ne. Lamba ce da ba a san ta ba tukuna."

"To wanda bai san ta ba, me ya kai shi rubuta ta?"

"Baba, don Allah!"

"Yi haƙuri, Malama. Ci gaba."

Da farko abin dariya ne. Ranar da ya fara shiga aji, yaran suka yi tsit, sun ɗauka shi ne malamin. Daga nan kowa Baba yake ce masa. Amma tafiya ta yi tafiya, dariyar ta ragu. Shago a rufe duk ƙarshen mako, masu kawo gyara suka fara zarcewa wani wuri. Yayansa in ya zo gidan sai ya leƙa tabarmar ya ce, "Ina 'yan makaranta? An ba ku hutun tara ko sai an tashi?" Shi kuma ya rame, wuyan rigarsa ya yi masa yawa, kullum yana dafe da ƙeya.

Ranar jarrabawar farko ya dawo ya zauna a bakin gado ko takalmi bai cire ba. Yarinyar ta karɓi takardar tambayoyin ta duba, fuskarta ta washe.

"Baba, ai duk mun yi irin waɗannan! Wanne da wanne ka amsa?"

"Ta farko."

"Sai kuma?"

"Ita ɗin dai. Ta ƙi fita. Ina cikinta aka ce a ajiye biro."

Yarinyar ta ɗora hannu a ka. "Me ya hana ka wuce ta ka yi sauran?"

Ya dube ta kamar ta yi saɓo. "In bar aiki a buɗe in kama wani?"

Nan uwar ta gane inda gizo ke saƙa. A shagonsa doka ce: ba a buɗe inji na biyu alhali kayan cikin na farko suna zube a kan tebur, don kada su cakuɗe. Maigidansa da mari ya koya masa wannan. Ita kanta ta sha kai masa abinci ya huce a gefe, saboda ya rantse ba zai ɗaga kai ba sai ya rufe abin da ya buɗe. Halin da ya ciyar da su shekara da shekaru, shi ne ya kayar da shi a zama ɗaya.

Saura dama ɗaya. Yarinyar ta ce yanzu ba lissafi kaɗai zai koya ba, sai ya koyi saki. Da yake ita tana makaranta da safe, sai aka ɗora wa uwar aikin. Kafin ya fita shago zai zauna da tambayoyin da aka rubuta masa, ita kuma ta sa agogo a gabanta. In dogon hannun ya kai inda yarinyar ta nuna mata, sai ta ce, "Wuce."

"Saura kaɗan."

"Wuce, Malam."

"Wallahi ta kusa fita."

Sai ta miƙa hannu ta rufe tambayar da tafinta. Wata safiya ta yi haka, ya buge hannun, ya daka mata tsawar da tun da aka kawo ta gidan bai taɓa yi mata ba. "Ke me kika sani a ciki?"

Ta janye hannunta. "Ban san komai ba. Ka zauna da ita har su koro ka." Ta tashi ta shige ɗaki.

Ranar ba su ƙara magana ba. Washegari tana shara sai ga shi ya fito da agogon a hannu, ya ajiye a kan kujerarta, ya koma ya zauna a tabarma yana jira. Ta jingine tsintsiya ta zauna.

Haka suka yi ta yi har ranar jarrabawa ta biyu ta zo. Ta raka shi bakin ƙofa, ta ce, "In ta ƙi, ka ji muryata." Ya ce, "Ai ko ban so ba sai na ji ta."

La'asar sakaliya ya dawo. Uwa da 'ya suka yi cirko-cirko suna kallon bakinsa.

"Na amsa sauran," in ji shi. "Ta ukun ce ta tsaya mini. Na bar ta na wuce."

Yarinyar ta yi tsalle ta rungume shi. Shi ko murmushi bai yi ba. Ya ce ji yake kamar ya bar injin mutane a kwance ya kulle shago. Ya laluba aljihu ya ciro allin da yake sa wa injuna alama, ya kwafe tambayar a bangon ɗaki, dab da ƙofa. "Kada wanda ya goge mini. Zan dawo mata."

Kowace safiya sai ya tsaya a gaban bangon, ya ƙara layi ɗaya ko ya goge rabi. Ciwon ƙeyar kuwa bai sake shi ba. Ta yi ta fama da shi ya je asibiti, ya ce bari ya gama da injin ruwan da ke kan teburinsa, mai shi yana jira.

Bai gama ba. Mai walda na kusa da shagonsa ne ya shigo gidan da gudu ko sallama babu, ya ce ta ɗauko mayafi. A ƙasa suka same shi, wayar tagulla a hannu. Likita ya ce jininsa ne ya hau. Ya kwana a asibiti bai farfaɗo ba, da hantsi Allah ya karɓi abinsa.

Bayan mutane sun ɗauke ƙafa, wata rana aka yi sallama. Wata budurwa ce da wani saurayi, suka ce 'yan ajin marigayin ne. Suka durƙusa suka yi mata gaisuwa, suka yi ta kallon juna, kowa na jiran ɗaya ya fara. Can budurwar ta ce, "Umma, sakamako ya fito. Baba ya ci. Da ƙyar ne, amma ya ci. Sun ce zai ci gaba da mu."

Uwar ta dubi ƙasa. Ta so ta yi murna, ta nemi murnar ta rasa inda take. Abin da ya fito daga bakinta shi ne, "To wa zai gaya masa?" Budurwar ta fashe da kuka, sai ita ce ta koma tana ba ta haƙuri.

Yayan marigayin da ya ji, ya ce, "Karatun nan ne ya cinye shi. Da ya tsaya a shagonsa, da yanzu yana nan." Ta ce, "Yaya, ai a shagon ya faɗi." Amma maganar ta zauna mata a ƙirji, har yau takan juya ta, ba ta san gaskiyarta ba.

Rannan ta shigo ta tarar da 'yarta tsaye a gaban bangon, alli a hannu, ido jawur.

"Umma, na ga inda ya kuskure. A tsakiya ne, alama ɗaya ya juya. Shi ya sa ta ƙi fita. Bari in gyara masa in ƙarasa."

"Ajiye allin nan."

"Umma, kaɗan ya rage."

"Na ce ajiye. Cewa ya yi zai dawo mata, bai ce a taya shi ba. Bar masa kuskurensa."

Rubutun yana nan, ya ɗan dushe. Ba ta iya karanta ko layi ɗaya a ciki ba. Sai dai ta lura in iska ta kaɗa, labulen ƙofar yana shafar gefensa yana cin allin. Shi ya sa kullum da safe, kafin ta ɗora ruwa a wuta, takan tattare labulen ta ɗaure shi a ɗaya gefen.