Gawayin Tanon Yakaka

Yakaka ta ɗaga murfin tano, gangar da take tace ruwa a ciki. An kwashi gawayin. Ga shatin yatsu nan a ciki, 'yan sirara, na mace.

Tanon nan shi ne abokin zamanta a Diffa. Tun da ta ƙetaro kogin Komadugu daga Damasak, ba miji ba ɗa tare da ita, take zaune ita kaɗai a ƙarshen unguwa. An ce babban ɗanta ya bi 'yan daji, kuma daga ranar da zancen ya zagaya, gaisuwa ta ƙare. Ba a kiranta suna, ba a aiko mata tuwon biki. Da masu aikin tsabta suka zo neman gidan da za su kafa matatar ruwan datti, kowa ya ce a kai wa Yakaka, ai ba ta da baƙin da za su ji wari.

Ta karɓa. Tsakuwa a ƙasan tanon, rairayi a kai, sannan gawayin karan tattasai da ta ƙona a rami da hannunta. Ruwan wanka, ruwan wanke-wanke, har abin da ke malalowa daga makewayi, duk ta sama suke shiga. Su fito ta ƙasa garau, ba wari, ta ba 'yan shukokinta. An ja mata kunne ba na sha ba ne. Gawayin kuwa in ya ƙoshi, binne shi ake yi.

To wa zai saci jiƙaƙƙen gawayi? Ko shayi ba zai dafa ba.

Sai ta ji daka a gidan maƙwabta, a ƙaramin turmi, ƙus-ƙus, ba irin ƙarar gero ba. Gidan Zubairu ne manomin tattasai, kuma jaririyarsu Aliya tana fama da gudawa kwana biyun nan. Nan take ta tuna. Rannan a bakin famfo Sadiya, matar Zubairu, ta tambaye ta me ke sa ruwan ya yi fari. "Gawayin ne, yana shanye cuta," Yakaka ta ce mata. Daɗin an yi mata magana ya sa ta yi ta zuba, ta manta ba ta faɗi inda cutar take zuwa ba.

Ko takalmi ba ta tsaya sawa ba. Ta faɗa gidan ba sallama. Sadiya na zaune a tabarma, yarinya a cinya, kofi cike da baƙin ruwa a hannu. Yakaka ta kaɗe kofin, ya yi can.

"Iya, lafiya? Haka ake faɗo wa gidan mutane?"

"A tanona kika ɗebo?"

Sadiya ta kau da kai. "Ke kika ce yana shanye cuta. Kakata ma gawayi take daka mana in ciki ya ɓaci."

"Na murhu, 'yar nan, na murhu! Wannan ya sha ya ƙoshi. Cutar da ya shanye, ina kike zaton ta tafi? Tana cikinsa. Ruwan makewayina kika jiƙa wa ɗiyarki. Kin ba ta?"

Sadiya ta ce, "Cokali guda."

Yakaka ta shafa kan jaririyar. Maɗiga ta lotsa, idanu sun faɗa. Ta ɗan ja fatar ciki, ta saki, fatar ta tsaya a tattare.

"Goya ta. Maza!"

A bakin hanya ɗan kabu-kabu ya hango ko wace ce ke ɗaga masa hannu, ya nemi wucewa. Yakaka ta shiga gabansa, sai da ya ci birki. Ta dafa Sadiya ta hau.

"Ki faɗa wa likita abin da kika ba ta. Kar ki ɓoye don kunya."

Babur ya tashi, ya bar ta tsaye da baƙaƙen hannuwa.

Da la'asar Zubairu ya dawo daga gona, ya tsaya a ƙofarta. "In yarinyar nan ta mutu, ke da tanonki za ku bar unguwar nan." Yakaka ta buɗe baki za ta ce matarsa ce ta ɗiba, sai ta tuna abin da zai sami Sadiya a hannunsa in ya ji. Ta fasa, ta koma ciki.

Ta kwashe sauran gawayin ta binne, ta ƙona sabo, ta ɗaure murfin da waya. Gidan Zubairu ya zauna a rufe. Ba wanda za ta tambaya. Ta je famfo da jarkar da ruwanta bai ƙare ba, ko za ta tsinci labari, amma tana isa matan suka yi tsit.

Ran kasuwa da hantsi tana tsugune cikin tattasanta, ta hango su. Zubairu a gaba, fuska a ɗaure. Sadiya a baya da goyo. Ba wanda ya gaishe ta. Amma da suka zo daidai ƙofarta, Sadiya ta tsaya kamar za ta gyara zani, ta juyo mata baya a hankali. Aliya ta rame, tana tsotsar bakin majanyi, idanunta biyu tar a kan Yakaka.

"Ke, taho mana!" in ji Zubairu.

Suka shige gida, aka ja ƙofa.