Taku Uku na Mai Hoto

Da hantsi Auta ya kwance sukurun ƙarshe, 'yar kyamarar ta rabe biyu a kan farin ƙyallen da ya shimfiɗa. Ga wayoyi sirara kamar gashi, ga gurbin batir ya yi tsatsa, ga wani ɗan inji da bai fi ƙwayar wake ba, wanda shi ne ya mutu ya ja sauran. A tsakiyar tarkacen nan gilashin idon kyamarar yake zaune lafiya ƙalau, ko ƙwarzane babu.

Yayarsa na kan bencin masu jira, ta kasa kunne. Mai Hoto kowa ke ce mata a layin, har 'ya'yanta idan sun so tsokana. Shekara ashirin da shida ke nan da wannan 'yar kyamarar aljihu take ɗaukar mutane a ɗakin hotonta. Masu manyan kyamarori sun yi mata dariya har sun gaji, amma fuskar da ta bi ta gilashin nan takan fito da wani taushi da nasu ba ya bayarwa. Yanzu inji ya tsaya, kayan gyaransa kuma an daina ƙera su tun tuni. Kowa ya ce ta haƙura. To, ranar da aka raba haƙuri ita ba ta gari.

Abin da ta zo da shi a jaka shi ne tsohuwar kyamarar marigayi mijinta, irin mai auna nisa, ƙarfe zalla, ba ruwanta da batir, sai dai gilashinta ya fashe shekaru da yawa. Ta ce wa ƙanin nata ya cire gilashin waccan ya dasa a wannan, magana ta ƙare.

Auta, wanda duk garin ba mai gyaran kyamara kamarsa, ya soshi ƙeya. Ya ce abin zai yiwu, don irin wannan kyamara ba madubi a cikinta, gilashin zai iya zama dab da fim kamar yadda ya saba a tsohon gidansa. Amma sai an sassaƙa masa sabon gida na tagulla mai murɗawa, sai kuma an yi masa zobe a baya da zai riƙa tura wata 'yar ƙafa a cikin kyamarar. Wannan ƙafar ce ke sa mai ɗauka ya ga siffa biyu a 'yar taga, ya murɗa har su haɗe, nan ne hoto zai fito tar. Ya ce aikin kwana goma ne, kuma in magagari ya ci fiye da kima, babu mai mayarwa.

Ba aikin ne damuwarsa ba. Manaja ne, babban ɗanta, wanda ya riga ya zo har shago ya roƙi kawunsa kada ya biye mata. Likita ya ce idanunta suna tafiya, kuma ba tafiyar da ake dawowa ba ce. Manaja ba mugun ɗa ba ne, a faɗi gaskiya, tsoro ne ya cika shi, shi kuma in ya ji tsoro sai ya fara ba da umarni. Har ya gyara mata ɗaki a gidansa, da sabuwar katifa da babbar talabijin ɗin da ba za ta gani ba. Makullin ɗakin hoton kawai yake jira.

Da uwa da ɗa suka haɗu a shagon rana ta uku, an yi ta ta ƙare. Shi ya ce ta tsufa da wahala, ita ta ce bai tsufa da rashin kunya ba. A ƙarshe ita da bakinta ta yanke: fim ɗaya za ta ɗauka da sabon haɗin. In hotuna suka fito dishi-dishi, ya zo ya karɓi makulli. In sun fito tar, ya kama kansa.

Auta ya duƙufa. Injin sassaƙar ƙarfe ya yi ta kuka, garin tagulla ya cika masa gashin baki. Sau huɗu yana saka gilashin yana cirewa, yana ƙara masa siraran zobba masu kaurin ɓawon albasa, har sai da dogon ƙarfen eriyar da ke can ƙarshen unguwa ya fito tangaran. Rana ta tara ya miƙa mata, yana ji da kansa. Ta kai ido tagar, ta murɗa hagu, ta murɗa dama, ta ce madalla, sun haɗe. Auta ya karɓa ya leƙa. Siffofin nan ko kusa ba su yi ba.

"Yaya, ba kya ganin su," ya ce a hankali.

"Ina dai gane mutum ne ko ƙofa. Sauran kuma aikinka ne, ba don kyan fuskarka na zo ba."

Zuciyarsa ta karye, amma bai bari ta ji a muryarsa ba. Ya kwana biyu yana tunani, sai dabara ta zo masa. Ya ɗauki magagari ya yi wa zoben murɗawar tsaga-tsaga da babban yatsa zai iya ji: tsaga ta farko taku ɗaya, ta biyu taku biyu, har zuwa biyar. Ba sai ta duba taga ba. Ta tsaya jikin mutum, ta ja da baya tana ƙirgawa, ta murɗa zuwa tsagar, ta latsa. Fitilun ɗakinta kuwa ta san haskensu fiye da yadda ta san sunayen jikokinta.

Mako guda ta yi tana ɗauka. Tela na maƙwabta, mai shayi, wata malamar makaranta da tagwayenta, duk wanda ya gifta sai ta zaunar da shi gaban shuɗin labulenta. Taku uku, tsaga ta uku. Ta wanke fim da hannunta a ɗakin duhu, inda dama ido ba ya aiki, Auta ya buga hotunan. Yana fito da su ta ji shirun da ya yi, ta san ba lafiya.

Manaja ya iso bayan azahar, ya baje su a kan tebur. Talatin da shida, babu ko ɗaya mai kyau. Tela kamar an shafa masa man kitso a fuska, tagwaye sun zama hayaƙi. Bai yi murna ba, amma ya samu sauƙi, har ya yi ɗan wasa don ya rage mata zafi: ya ce ai labulen ya gode, shi kam ya fito tsaf, har ana iya ƙirga zarensa.

Mai Hoto ta ɗago kai. "A hoto nawa?"

"A duka, Umma."

Ta sa ya sake dubawa ɗaya bayan ɗaya. A duka ɗin ne. Sai ta yi wata 'yar dariya wadda Auta ya sani tun suna yara, wadda ba ta taɓa zama alheri gare shi ba. Ta ce idon da ya lalace yakan ɓata gaba yau, gobe ya ɓata baya, ba ya kafewa a waje ɗaya sau talatin da shida. Wannan kuskuren yana da ubangida. Ta tambayi Auta da ƙafar wa ya auna tsagogin nan.

Da tasa ƙafar Auta ya auna. Shi dai zanƙalele ne, sai ya sunkuya yake shiga ƙofar ɗakin nan, ita kuwa da ƙyar ta kai kafaɗarsa, ga ciwon gwiwa. Ta sa shi ya jingina da bango ya yi taku uku, ya tsaya nan. Ita ma ta jingina da bangon ta yi nata ukun. Tsakaninsu har a shimfiɗa tabarmar yaro.

"Shekara sittin kana bina a baya," ta ce, "ba ka taɓa duba yadda nake tafiya ba."

Kunya ta rufe Auta, ya ce zai sake tsagawa gobe da sassafe. Manaja ya ce babu wani gobe. Alkawari alkawari ne, ita ta faɗa da bakinta, kuma ko laifin kawu ne ko na wane ne, gobe wani abin zai fito, jibi ta faɗi a kan wayar fitila ba kowa kusa. Ya ce ta ba shi makullin, don Allah, a daina wannan wasan.

Ta lallaɓa ta ɗauko kyamarar, wadda ta riga ta ɗora wa sabon fim tun da safe, ta kunna fitilu. Ta zo ta dafa ƙirjin ɗanta, ta ja da baya. Ɗaya, biyu, uku. In ukunta biyun Auta ne, to lissafin ba wuya. Yatsanta ya sauka a tsaga ta biyu. Manaja ya miƙo hannu, yana cewa ya isa haka, sai ta latsa.

Ta yanke guntun fim ɗin a ɗakin duhu, ba ta damu da asarar sauran ba. Kusan awa guda suka yi ita da Auta a ciki, Manaja na waje yana kai da komo. Da aka fito da takardar, da sauran danshinta, ta ce a ba shi.

Manaja ya fito tar a hoton. Kowane gashin girarsa ya fito, da gumin goshinsa, da jijiyar da ta tashi a wuyansa. Ga gira a haɗe, ga baki a murtuke, ga hannu a miƙe kamar na mai ƙwace abu a wurin yaro. Labulen bayansa ya narke ya zama shuɗi kawai. Manaja ya daɗe yana kallon mutumin nan. Maganar makulli ta maƙale masa a wuya, kuma ba wanda ya taya shi fito da ita.

"Umma," ya ce daga baya, "haka nake kallonki?"

Tana goge gilashin da bakin mayafinta, ba ta ko juyo ba.

"Ni ina na sani? Wata shida rabona da ganin fuskarka. Kai ne mai ido, ka duba da kyau."