Allon Katako Biyu

Shekara arba'in da ɗaya ina aikin kafinta, ban taɓa neman shawarar na'ura ba kafin in ɗora zarto a kan katako. Sai ranar da wata ma'aikaciyar jinya ta ba ni aikin kabad, ta zaɓi wani katako mai ruwan zuma. Allo biyu kaɗai suka rage a kasuwa, kuma an daina kawo irinsa. Gunduwa goma sha bakwai nake bukata. Na zana da alli, na goge, na sake. Kullum ƙofa ɗaya ba ta samun wuri. Ga shi na riga na ce mata zai isa, kuma kyan alkawari cikawa.

Maƙwabcina mai yankan gilashi ya leƙo.

"Baba, allin zai ƙare, katakon bai ƙaru ba. Akwai manhajar da nake tsara yanka da ita."

"Kai da na ga ranar da ka fara riƙe tef a juye?"

"Shi ya sa na nemi mataimaki."

Girman kai rawanin tsiya. Amma ban so zuwa shagonsa ba, sai na kira autata ta zo da kwamfutarta, wata siririya mai sheƙi kamar faranti. Ta yi ta latse-latse, manhajar ta ƙi hawa.

"Baba, ba a yi ta don irin tawa ba."

"To me take tsinana miki?"

"Komai, ban da katako."

Haka na ɗauki takardar awona na shiga shagon mai gilashi. Kwamfutarsa baƙa ce, mai kauri, an ɗaure murfinta da salatif. Ya shigar da awon. Sai ya juyo ya ce tana tambayar kaurin bakin zartona.

Nan na gyara zama. Wanda ya san zarto ma yana cin rabonsa, ya taɓa zama kusa da aiki.

Ta fito da zane. Katakan ciki, waɗanda ido ba ya gani, ta kwantar da su a gicciye, ƙofar ta samu wuri. Na auna da tef sau biyu don ban yarda da ita ba, sannan na yanka. Sha bakwai cif. Abin da ya rage bai fi tafin hannuna ba.

Da na kai kabad na dawo, na wuce shagon mai kwamfuta. Ya fara jero mini masu sheƙi.

"Ɗana, adana bakinka. Wadda manhajar yanka ke hawa, ita nake so."

Kafin shekara ta juyo, maƙwabtana mai tayil da mai alminiyam duk irin wadda na saya suka saya. Autata har yau tana cewa mummuna ce. Na ce mata albarkacin kaza ƙadangare kan sha ruwan kasko. Na kuma ɗinka wa mummunar riga saboda garin katako.