Bakin Inna

Shekara uku ke nan Auta bai taka ɗakin Inna ba. Likita kuwa ya riga ya faɗa wa Yaya, a tsaye a bakin ƙofa yana mayar da biro aljihu, cewa duk mai maganar da zai yi da tsohuwar nan ya zo ya yi ta yanzu. Abin da ya sa ke nan Yaya, da ciwon kafaɗarta da komai, take tashi daga shagon wanki da guga ƙarfe biyu na rana, maimakon ta wuce gida ta miƙe ƙafa, sai ta bi ƙaninta gidajen masu karya baki. Ya rantse ba zai iya haɗa ido da Inna ba sai an cire masa abin da ta ɗora masa.

Abin da ya faru ba wani dogon labari ba ne. Inna ce ta yi masa faɗa a gaban matarsa, shi kuma Auta, ƙato da gemu da 'ya'ya uku, ya ga an ci masa fuska. Ya ce mata ta je ta yi wa jikokinta tsawa, shi ya wuce nan, ya buga ƙofa har labule ya faɗo. Ta bi shi da murya: "Je ka! Ba za ka ga daidai ba." Bayan wata biyu ta faɗi a banɗaki, ɓarin jikinta ya shanye, magana ta tafi. Tun daga ranar Yaya ce wanka, Yaya ce juyi, Yaya ce cokali a baki.

To shi Auta aikinsa sa tayil ne, kuma da can idan ya ja layi ko igiya ba ya buƙata. Bayan maganar Inna sai layinsa ya fara karkacewa. Ya gama falo, mai gida ya zo ya tsaya daga ƙofa ya karkata kai, a ce a fasa a sake. Sau biyu, sau uku, har 'yan kwangila suka daina ɗaga wayarsa. Kowa ka faɗa wa sai ya kama haɓa ya ce ai magana a fili take, uwa ta ce ba za ka ga daidai ba, ga shi kuwa ba ka gani.

Na farkon da suka je wurinsa ofis gare shi a bene, da kujerun roba a jere da wata mata mai raba lamba kamar asibiti. Tun kafin Auta ya gama zama ya lumshe ido ya ce, "An yi maka baki, kuma mace ce." Auta ya waiwayo ya dubi Yaya, wai kin ji ko? Ita kuwa a ranta cewa ta yi, namijin da ya hau benen nan da irin wannan fuskar, ko mai gadi zai iya faɗa masa haka. Aka fasa ƙwai aka nuna musu allura a ciki, aka ba shi ruwan wanka na kwana bakwai, aka ce kada ya faɗa wa kowa. Ya yi wanka har ya kwashi mura, layi dai bai miƙe ba.

Na biyu ko fuskarsa ba su gani ba, ta waya yake aiki. Kullum sai ya turo saƙon murya yana haki, wai aljanun sun ƙi, a ƙaro abin sadaka kafin la'asar ko aikin ya juyo kan yara. Wannan "ya juyo kan yara" ita ta raba Auta da injinsa na yankan tayil.

Na uku ne ya fi ba Yaya haushi, don shi har gidan Auta ya zo, da carbi mai ƙwayoyi manya-manya. Ya ce a fita a ba shi wuri ya yi ganawa da aljanu, aka fita. Bayan awa guda ya kira su, ya zagaya, ya shinshina, ya tsaya a bakin ƙofar ɗaki ya ce a ɗaga tayil ɗin nan. Aka ɗaga, sai ga laya ɗaure da jan zare. Matar Auta ta dafe ƙirji tana salati.

A hanyar raka Yaya tasha, suna wuce shagon mai faci Auta ya ce, "Yaya, tayil ɗin nan ni na sa shi da hannuna shekara shida da suka wuce. Farin simintin da ke gefensa ɗanye ne. Ko bushewa bai yi ba."

Ta tsaya cak. "Ka gani, amma ka sallame shi har da godiya?"

"To idan gaskiya ne fa?"

Wallahi da ba a titi suke ba da ta zauna a ƙasa. Ba ta da ƙarfin faɗa ma. Ta gaji da benaye, ta gaji da warin turare a mayafinta, ta gaji da roƙon maƙwabciya ta zauna da Inna "na awa ɗaya kawai" alhali su duka sun san awa uku ce. Kuma can ƙasan ranta tana jin haushin yaron nan, wanda zai iya shiga mota biyu ya je wurin baƙo, amma ba zai iya taka matakala goma sha ɗaya ya ga uwarsa ba.

Maƙwabciyar ce ta ambaci wani tsoho, ta ce ita dai ba ta san ko yana da wani abu ba, amma mijinta ya taɓa zuwa ya dawo yana ta ƙunƙuni, wai an ce ya je ya nemi gafarar ɗan'uwansa. Wannan ƙunƙunin ne ya sa Yaya ta ce a gwada.

Suka same shi a bayan shagon ɗansa mai sayar da kayan famfo, zaune kan tabarma tsakanin tulin bututu, yana yanke farce. Babu layi, babu turare, sai fanka mai ƙara. Ya amsa sallama, ya nuna musu benci, ya ci gaba da farcensa. Auta ya zauna yana jira a faɗa masa abin da ke damunsa. Can tsohon ya ɗago.

"Malam, ni fa ban san gaibu ba. In ba ka faɗa ba haka za mu zauna har a tashi shago."

Auta ya faɗa, yana kwana-kwana. Tsohon ya dinga tare shi da tambaya kamar ɗan sanda. Me ta ce, kalma da kalma? Kai me ka ce kafin nan? A'a, ba abin da kake nufi ba, abin da ya fito daga bakinka. Da Auta ya maimaita maganar jikoki, tsohon ya ce "Ash!" ya ajiye abin yankan farcen. Sannan ya miƙa masa wata takardar kayan shago ya ce ya karanta masa layin ƙasa. Auta ya kai ta nesa, ya dawo da ita kusa, ya runtse ido ɗaya.

"Shekararka nawa?"

"Arba'in da ɗaya."

"Ka je a auna idonka. Wannan ba aikina ba ne, na masu tabarau ne." Ya karɓe takardarsa. "Ban ce maka shi ke nan ba, ka ji ni da kyau. Maganar uwa ba wasa ba ce. Tana raye?"

Yaya ce ta amsa. "Tana raye, Baba, amma ba ta magana."

"Tana ji?"

"Tana ji sarai."

"To me kuka zo yi wurina?" Ya dubi Auta, ba da faɗa ba, da irin gajiyar wanda ya faɗi magana ɗaya sau dubu. "Ɗana, ni ban ɗaura ba, ta yaya zan kwance? Duk wanda ya ce maka zai cire bakin uwarka alhali tana kwance a ɗaki tana numfashi, ka riƙe aljihunka. Addu'a zan yi maka, da ƙarfi, ka ji kowace kalma, kuma babu wadda ba ka sani ba tun kana yaro. Sauran aikin na ƙafarka ne."

Ya yi addu'ar, gajeriya, suka shafa. Auta ya sa hannu a aljihu, tsohon ya ce in yana da abin bayarwa ya saya wa yayarsa man zafi, tun da ta zauna take dafe kafaɗa. Yaya ta kau da kai, don an daɗe rabon da wani ya lura da kafaɗar nan.

Da suka fito Auta ya fara, "Anya tsohon nan ya san aiki kuwa? Ko ɗan rubutu bai..."

"Auta." Ba ta ɗaga murya ba. "Motar gida ga ta can. In ka shiga, mu je. In ba ka shiga ba, kada ka sake kirana, sai dai ni in kira ka, kuma ka san kiran me zai zama."

Ya shiga.

La'asar ta yi sanyi da suka isa. Maƙwabciya ta gan shi, ta buɗe baki, ta rufe, ta ɗauki takalmanta ta fice. Ɗakin na warin sabulu da man shafawa, gado a jikin taga, roba a ƙarƙashi, magunguna a kan tire. Inna ta ƙanƙance har ba ta cika rabin katifar ba. Auta ya toge a bakin ƙofa.

Yaya ta ce masa ƙasa-ƙasa, "Kalma ɗaya ta rage mata. 'To.' Ita ce ruwa, ita ce a'a, ita ce juya ni, ita ce kin cika gishiri. Sai ka saurari yadda ta ja ta."

Ya shiga da gwiwa. Ya dafa bakin gadon. Inna ta juyo da ido, idon nan da bai shanye ba, ta kafa masa. Duk jawabin da ya shirya a mota ya watse.

"Inna, ni ne. Na yi laifi. Abin da na faɗa miki, ban kyauta ba. Ki yafe min. Ki janye maganar nan, don Allah."

Bakinta ya yi ta motsi, gefe ɗaya na ja, gefe ɗaya na kwance. Yaya ta matso da tsumma ta goge mata yawu. Da kyar kalmar ta fito.

"To."

Auta ya jira ko akwai saura. Babu. Ya juyo ya dubi yayarsa, hawaye har cikin gemu.

"Yaya, wacce ce wannan? Ta yafe?"

Yaya ta ajiye tsumman. Ta san "to" ɗin ƙishirwa, gajeriya mai kaifi. Ta san ta ciwo, mai ja kamar nishi. Ta san ta fushi, wadda ake haɗawa da kau da kai. Wannan ba ta taɓa jin ta ba, a duk shekarun nan. Kuma ga shi ya zuba mata ido, irin kallon da ya yi wa mai bene da mai carbi. In ta ce "e" kawai, zai tashi ya share fuska ya tafi gida da sauƙin rai, ita ma ta huta da yawo. Kalma ɗaya ce, ba wanda zai taɓa kama ta. Tana son faɗinta ƙwarai, don tausayinsa ya kama ta duk da haushin.

"Ban sani ba," ta ce.

"Haba Yaya. Ke ce fa kika san..."

"Na ce ban sani ba. Ba ta taɓa yi min irinta ba, taka ce. Ni wata shida na yi kafin na bambance ta ruwa da ta fitsari, kuma ba wanda ya fassara min." Ta zauna a kujera, ta zare mayafi, ta jingina kai da bango. "In kana so ka sani, sai ka zauna ka koya."

Ya dubi Inna, Inna na dubansa. 

"To," Inna ta sake cewa, wannan karon a taƙaice.

Auta ya zabura. "Wannan fa?"

"Wannan na sani," Yaya ta ce, ido a rufe. "Bayanta ne ya gaji. Sa hannu ɗaya ƙarƙashin kafaɗa, ɗaya a ƙugu, ka juyo ta wajenka a hankali. Kada ka ja hannun hagun."

Ya tashi ya naɗe hannun riga. Yana ɗaga ta ya ji yadda ba ta da nauyi, ya tsaya da ita a ƙirjinsa ya kasa ajiyewa. Yaya ba ta tashi ta taya shi ba.