Ƙanƙarar Inna

Fankar ɗaki ta ɗan rage gudu, kamar mai jan numfashi, sannan ta ci gaba. Raihanatu ta gani da gefen ido amma ba ta kula ba, don a daidai lokacin fuskar kwamfutarta ta yi baƙi ƙirin. Shafin da ta wuni tana rubutawa ya tafi.

Tun da ta dawo Ƙonni daga jami'ar Tahoua don ta ƙarasa littafin kammala karatu, haka kwamfutar take yi mata. Wata rana a yi safiya lafiya lau, wata rana ko layi biyu ba a kai ba ta mutu. Malaminta kuwa ya gaya mata ta waya: in aikin bai iso ba kafin ƙarshen wata, sai baɗi.

Ba abin da ba a gwada ba. Mai gyara na bakin kasuwa ya buɗe cikinta, ya hure, ya goge komai ya sake zubawa. A shagonsa ta wuni tana aiki ko tari babu. Ana maido ta gida, ta koma halinta.

Yayanta Tijjani ɗan kabu-kabu, wanda ya sayo mata ita ta hannu daga ƙetaren iyaka, ya leƙo ɗakin.

"Malama, ko dai Faransancinki ne ya yi mata nauyi?"

"Yaya, don Allah bari. Ba kai ka cusa mata fina-finanka ba?"

"Ni? Ko taɓa ta ban yi. Inna, kin ji ɗiyarki?"

"Ku bar ni da zahin ranar ga," in ji mahaifiyarsu daga tsakar gida, tana ƙulla ruwa da lamurje a leda. Da sayar da ƙanƙararsu take riƙe gidan tun rasuwar babansu.

Washegari Raihanatu ta kunna kwamfutar, ta naɗe hannu, ta kasa kunne kawai. Can sai tsohon firigon Inna ya yi gurnani a zaure. Fanka ta ja numfashi. Kwamfutar ta mutu.

Ashe firigon ne. Ta jira Inna ta tafi barkar suna, ta je ta zare wayar firigon. Har la'asar tana rubutu, ko gezau. Ba ta ji daɗi ba ko kaɗan. Da ta ji sallama a ƙofa, ta yi wuf ta mayar da wayar.

Inna ta ɗaga murfin firigon, ta matsa leda ɗaya da yatsa. Ruwa ya motsa a ciki.

"An ɗauke wuta bayana?"

"A'a, Inna." Raihanatu ta sunkuyar da kai. "Ni na cire shi. Wutar gidan ga ba ta ɗaukarsu su biyu. In ya tashi sai ya janye ta, ita kuma ta mutu."

Tijjani ya sosa ƙeya, ya ce akwai wani akwati mai daidaita wuta, zai nemo. Amma ina kuɗin? Kowa ya san tayar babur ɗinsa ta baya har zare ya fito.

"Ki bar firigon a kunne, Inna," Raihanatu ta ce da sauri. "Baɗi ma shekara ce."

"Yaushe malamin ya ce?"

"Ƙarshen wata."

Inna ta dubi firigon. Ga bazara ta kankama, lokacin da yaran unguwa suke cika zauren da neman ƙanƙara. Ta sunkuya da kyar, dafe da gwiwa, ta zare wayar da hannunta. Gurnanin ya tsaya, gidan ya yi tsit.

"Inna..."

Ba ta waiwayo ba. Ta kwashe ledojin ɗaya bayan ɗaya ta zuba a roba, ta rufe da buhu, ta aza a ka. Ruwa yana ɗiga a kan mayafinta, ta fita talla, ko takalmanta ba ta gyara ba.