Babu Mai Amsa wa Masinja

Da igiya biyu aka ɗauro allon za a sauko da shi, ɗaya ta tsinke a hanya, ya faɗo ya dare gida biyu a bakin ƙofa. Ina tagar sayar da tikiti ina kallo. Shekara talatin da huɗu allon nan yana sama da rubutunsa, Gidan Kowa, ruwa ya doke shi, rana ta gasa shi, bai taɓa faɗowa ba sai ranar da aka ɗauko ƙwararru su sauke shi a hankali.

Baba ya fito daga ɗakin shiri da rabin gemun auduga a haɓarsa. Ya daɗe yana duban katakon, sannan ya ce da masu aikin, "In ba a so, ku bar mini. Zai yi wa uwargidana kantar kwanuka a kicin."

Madam Tsari ta yi masa murmushin nan nata da ba ya wuce haƙora. Mu muka laƙaba mata sunan, don ba ta iya haɗa magana biyu babu kalmar tsari a ciki. Manaja ne ya ɗauko ta ta sauya wa gidan wasan fuska, wata shida bayan rasuwar mahaifinsa, wanda ya kafa gidan. Ta ce, "Ɗauka, Baba. Sabon tsari ba ya buƙatarsa."

Sabon sunan wasu haruffa uku ne na harshen waje, da fitila a bayansu. Har yau ban ji mutum biyu sun faɗe shi iri ɗaya ba.

* * *

Babana shi ne Masinja. A wasan da gidan ya fi suna da shi yake fitowa a tsohon masinjan ofis wanda ya ga wanda ya sace fayil, kowa kuma yana so ya yi shiru. Ya yi shekara talatin yana wannan fitowar duk Asabar da ƙarfe huɗu, har sunansa na yanka ya ɓace. Mai kawo takardar wuta ma Masinja yake rubutawa. Ɗaki biyun da muke zaune a bayan dandamali na kamfani ne, a nan aka haife ni, a nan Inna ta tsufa tana ɗinke rigunan wasa.

Mutanenmu ba sa kallon wasa da baki a rufe. Suna zagin Darakta, shugaban ofishin a cikin wasan, suna gargaɗin Masinja, in abu ya yi daɗi su sa a maimaita. Layin gaba kuwa yana da masu shi: Kawu Tela, aminin Baba, da Mai Kifi da ƙawayenta, da wasu direbobi uku da ba sa zuwa sai da ƙaurin mai a jikinsu. Sun haddace wasan kaf, sukan riga ɗan wasa faɗin maganarsa don tsokana.

Shekara biyu da suka wuce kan Baba ya fara zuba. Da safe garau yake, sai rana ta karkata magana ta riƙa kuɓuce masa. Ranar farko da abin ya same shi a kan dandamali, ya tsaya, ya kama kunnensa da hannu. Kawu Tela ya wurgo masa maganar daga benci. Baba ya harare shi ya ce, "Kai ne Masinjan ko ni?" Gida ya ɗauki dariya, shi kuma ya cafe maganar ya wuce. Daga ranar abin ya zama wani ɓangare na wasan. Na baya suna ɗauka raha ce. Na layin gaba sun san gaskiya, kuma ko sau ɗaya babu wanda ya taɓa furta ta, ko a tsakaninsu. Duk Asabar suna ɗauke da shi har ƙarshen wasa, su tashi su karkaɗe riga su tafi kamar ba su yi komai ba.

Wannan ne abin da Madam Tsari ba ta gani ba a wata ukun da ta yi tana zagaya gidan da ƙaramar kwamfutarta. Ta ga bencina masu ƙusa, ta ga ɓawon gyaɗa, ta ji hayaniya. Ta rubuta cewa 'yan kallo ba su da tarbiyya.

* * *

An fitar da bencina, an kafa kujeru masu laushi, kowace da lambarta. An shimfiɗa kafet, an sa na'urar sanyi, an toshe tagata da bulo. Tikiti ya koma ta waya, kuɗinsa kuma ya kai abin da Mai Kifi take samu a mako. Ni aka ba ni riga mai ruwan toka da ƙaramar tocila, aikina in nuna wa mutane kujera, in kuma tsawatar wa duk wanda ya yi magana. A bakin zaure aka liƙa sanarwa cewa shiru shi ne girmama fasaha.

Manaja ya tara tsofaffin 'yan wasa ya yi musu bayani yana wasa da makullin motarsa. Ranar buɗewa za a duba kowa. Wanda ya dace da sabuwar fuskar gidan zai zauna, wanda bai dace ba za a sallame shi da godiya. Ɗakunan baya kuwa na ma'aikata ne kaɗai, in sun zama babu kowa za a mayar da su wurin shan shayi. Bai dubi Baba ba da ya faɗi haka, kuma rashin duban ya fi duban ciwo. Tsohon da ke fitowa a Darakta, wanda ya san yadda ake rufa wa Baba asiri, tuni aka maye gurbinsa da wani saurayi da aka sani a talabijin.

Ana saura kwana uku Mai Kifi ta zo da kuɗinta a ƙulle a bakin zane, ta tsaya tana neman taga a jikin bango. Ni aka turo in yi mata bayani.

"Iya, yanzu ta waya ake saye."

Ta ciro wayarta, 'yar ƙarama mai ɗaure da roba. "To ga ta. Sayar mini."

"Ba irin wannan ba. Mai babbar fuska."

Ta dube ni daga takalmi har ɗankwali. "Ke ce fa nake ba ki kan kifi kina rarrafe a ƙarƙashin benci. Yau ke ce mai gaya mini wayata ba ta da fuska." Ta mayar da kuɗin ta ƙulle. "Wa zai riƙe muku tsohon?"

Ta juya ta tafi. Washegari aka tarar an rubuta tsohon sunan da gawayi a sabon fenti. Aka shafe, aka sake rubutawa, aka ɗauki masu gadi biyu. A waya kuma yabo ake ta zubawa, mutanen da ba su taɓa taka unguwar ba suna murna cewa a ƙarshe an ceto gidan daga 'yan tasha.

Kowane ma'aikaci an ba shi katin gayyata ɗaya. Na kai wa Kawu Tela nawa har shago, bayan na roƙi mai raba kujeru ya sa lambar a layin gaba.

"Kawu, ka san abin da nake roƙo."

Ya cire allura daga bakinsa. "Ke 'yar nan, tun ba a haife ki ba na haddace wasan nan. Je ki kwantar da hankalinki."

A gida Inna ta zama Darakta, tana yankan albasa tana jefa wa Baba tambayoyi, yana amsawa tiryan-tiryan. Ya ce, "Kun gani? Ku ne dai da tsoro." Ƙarfe tara na safe ne lokacin. Ni da Inna muka dubi juna, kowa ta koma kan aikinta.

* * *

Ranar Asabar zaure ya cika da turare da takalma masu ƙara. Kawu Tela ya zo cikin rigar da ya ɗinka wa kansa don auren 'yarsa. Na raka shi kujerarsa. Ya zauna a bakin-bakinta, hannuwa a kan gwiwa, tsakanin wata mata mai gilashi da wani mai agogon zinariya. Matar ta ɗan janye jakarta. Na ga ya gani.

Ni aka tsayar a ƙofar baya, Madam Tsari a gefena.

Rabin farko Baba ya yi shi lafiya. Sai dai duk inda ya saba barin gurbi don a yi ihu, ya bari, babu abin da ya faɗo a ciki. Mutanen nan ba mugaye ba ne, suna kallo da ladabi, suna tafi a inda ya kamata. Sabbin fitilun kuma sun yi ƙarfi har ba ya ganin fuskar kowa, yana ta ƙanƙance ido yana leƙen duhu.

Aka zo wurin da wasan ya dogara a kai. Darakta ya buga tebur ya ce, "Masinja, wa ya ɗauki fayil ɗin?"

Amsar ita ce: ranka ya daɗe, ni shayi aka aike ni, amma na ga hannun, kuma da zobe a jikinsa. A da, kafin ya kai ƙarshe gida ya ɗauka gaba ɗaya, da zobe, da zobe, Darakta yana ɓoye hannu a aljihu.

Baba ya buɗe baki. Ya rufe. Ya ɗaga hannu ya kama kunnensa, ya karkato wajen layin gaba.

Ina hango ƙeyar Kawu Tela. Na ga kafaɗunsa sun ɗaga, ya ja numfashi. Sai ya waiga dama, ya waiga hagu, ya sunkuyar da kai. Babu abin da ake ji sai na'urar sanyi. Saurayin talabijin ya maimaita tambayar da ƙarfi, kamar kurumta ce matsalar. Wayoyi suka fara ɗagowa ɗaya bayan ɗaya.

Ni ma na san maganar. Tun ina goye na san ta. Tana kan harshena, zauren kuma ba shi da girman da muryata ba za ta kai ba. Amma Madam Tsari tana numfashi a kafaɗata, ina sanye da rigarsu, na ce a raina in na yi magana mu biyu za a kora, in na yi shiru wataƙila ɗaya. Na tsaya ina wannan auna-aunar, ubana yana tsaye da hannu a kunne. Ban yafe wa kaina ba, kuma ba na jin zan yafe.

Baba ya sauke hannunsa. Ya matso bakin dandamali, ya kare ido da tafin hannu, ya ce a hankali, "Jama'a, ba kowa ne?"

Wasu suka yi 'yar dariya, sun ɗauka cikin wasan ne. Aka ja labule.

Na sami Kawu Tela a waje, ya jingina da bango yana ɓalle maɓallin wuya. Ya riga ni magana. "Wallahi tana bakina, 'yar nan. Na ɗauko ta, sai na ji kamar zan yi tusa a gaban surukai. Wurin nan ba a yi shi don muryar irinmu ba." Ya share fuska da hula. "Kada ki ce wa babanki na zo."

Ban gaya masa cewa ni ma tana bakina ba. Na bar shi ya tafi da laifin shi kaɗai.

* * *

Kafin Litinin hoton Baba da hannu a kunne ya zagaya wayoyi, ana ɗora masa maganganun ban dariya. Manaja ya kira mu ofis. Ya ce shi ba butulu ba ne, ya san abin da Baba ya yi wa mahaifinsa. Dandamali dai an gama. Amma Madam ta lura mutane suna son fuskar, saboda haka akwai sabon tsari: za a keɓe wani lungu a zauren shiga, a kira shi kusurwar tarihi, Baba ya riƙa tsayawa cikin kayan Masinja ana ɗaukar hoto da shi. Muddin yana yi, ma'aikaci ne, ɗakunan suna nan.

"Ba sai ka haddace komai ba, Baba," in ji shi. "Ba a ma so ka yi magana."

Na jira Baba ya tashi ya fita. Sai na ga yana duban ƙasa, na san Inna yake tunani da keken ɗinkinta da inda za a kai su. Ya ce, "Ƙarfe nawa ake farawa?"

Yanzu duk Asabar Inna ce ke manna masa gemun. Yana tsayawa tsakanin tukunyar fure da igiya ja, hannu a kunne, don haka masu hoto suka fi so. Ni ina gefe ina tsara layi.

A mako na uku wani mutum ya kawo 'ya'yansa biyu ya tsayar da su a gefensa, ya ja baya yana saita waya. Sai na ga idon Baba ya yi haske, leɓɓansa suka fara motsi. Na matsa kusa. A hankali yake faɗa, daidai, babu tuntuɓe ko ɗaya: ni shayi aka aike ni, amma na ga hannun.

Mutumin ya leƙo ta gefen wayar. "Baba, ɗan tsayar da bakin, hoton yana lalacewa."

Baba ya rufe bakinsa. Aka ɗauka, ya yi kyau, na ce na gaba ya matso.